Mayar da Lissafin Labari Zuwa Ikweshan: Tambayoyin Ɗalibai da Iyaye a Zangon Kumasi

Na daɗe ina koyar da lissafi da yamma a wani zaure a Aboabo, tsakanin tashi daga boko da kiran magariba. Masu zuwa 'yan JHS (ƙaramar sakandare) ne da ke shirin jarrabawar BECE, da 'yan SHS (babbar sakandare) da jarrabawar WASSCE ke gabansu, wani lokaci iyaye ma sukan leƙo. Ka ba yaro 3x + 4 = 25, kafin ka juya ya warware. Amma ka ce shi ne zai tsamo wannan layin daga jimloli uku na Turanci, sai ido ya raina fata. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaita mini. Farashin da ke cikin misalan na zaɓe su ne don lissafi ya fita daidai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Malam, mene ne ainihin abin da ake nema idan an ce a mayar da labari ikweshan?

Ikweshan sikeli ne da aka rubuta a takarda. Ka tuna sikelin mahauta mai faranti biyu: nama a ɗaya, dutsen awo a ɗaya, ba a sallama sai sun tsaya kai ɗaya. Alamar = ita ce tsakiyar sikelin, abin da ke hagunta da abin da ke damanta nauyinsu ɗaya. Lissafin labari kuwa tambaya ce da ta zo cikin jimloli, aka ɓoye lamba ɗaya ko biyu a ciki. Aikinka ka raɗa wa lambar da aka ɓoye suna, sannan ka sake faɗin labarin da alamomin lissafi.

Yarinya ta sayi littattafan rubutu 3 masu kuɗi ɗaya da biro na sidi 4, ta biya sidi 25 cif. Nawa ne littafi ɗaya? Kuɗin littafi ɗaya ne ba mu sani ba, sai mu kira shi x. Guda uku za su ci 3x, da biro ya zama 3x + 4, wannan kuma shi ne abin da ta miƙa wa mai shago. Ka ga 3x + 4 = 25. A nan fassara ta ƙare. Warwarewa aiki ne na biyu, kuma yawancin yara sun fi iya shi.

Ɗana yana tsare mini shago a Kejetia, ba a taɓa cutar sa a canji ba. Me ya sa lissafin takarda ke kayar da shi?

Hajiya, ɗanki ba daƙiƙi ba ne, kuma kar a bari ya ji an kira shi haka. Abubuwa biyu ne ke tare masa hanya. Na farko harshe. Yaron Zango da Hausa yake tashi, a titi ya yi Twi, a makarantar allo ya yi Larabci, sannan jarrabawa ta zo masa da Turancin da ba a magana da shi ko a rediyo. Sau da yawa idan na karanta wa yaro tambayar da Hausa, kafin in kai ƙarshe ya faɗi amsar.

Na biyu ya fi wannan zurfi. Lissafin kasuwa da baya da baya yake tafiya. A misalin littattafan nan, ɗanki zai ce da ka: a cire biro daga 25 saura 21, a raba uku, bakwai. Daidai ne. Ikweshan kuwa gaba yake bi, yadda abin ya faru: an sayi uku, an ƙara biro, aka biya 25. Kan yaron ya saba da gaggawar neman amsa, alhali a nan ana so ya dakata, ya rubuta labarin yadda yake tun bai san amsar ba. Wannan dakatawar ce sabon abu gare shi, kuma ana koyon ta kamar yadda ya koyi ba da canji. Abin da za ki iya yi masa a gida yana cikin tambayar ƙarshe.

Wai me ya kawo haruffa cikin lissafi tun farko?

Gajarta magana. Sunan fannin ma daga Larabci yake. Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na al-jabr wal-muƙabala a Bagadaza wajen shekara ta 820 miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun. Jabr na nufin mayar da abu yadda yake, kalmar da ake amfani da ita wajen ɗorin karaya, daga nan aljabra ta samo suna. A littafin nan babu x, babu alamar daidai, komai da jimloli aka rubuta. Lambar da ba a sani ba "shai'un" yake kiran ta, wato "abu". Alamar = sai a 1557 wani likita ɗan Wales, Robert Recorde, ya fito da ita, sanya x da y da z a madadin abin da ba a sani ba kuma ya bazu ne daga rubutun René Descartes na Faransa a 1637. Ke nan labari ne asali, alamomi daga baya suka zo. Shi ya sa nake barin sababbin ɗalibai su fara rubuta "abu sau uku da huɗu ya ba da ashirin da biyar" kafin mu sauya "abu" da x.

Idan na karanta tambaya kaina ya ɗaure, daga ina zan fara?

Ajiye biro tukuna. Karanta ta sau ɗaya gaba ɗaya, sannan ka koma jimlar ƙarshe, domin galibi a nan aka faɗi abin da ake nema. Daga nan ka rufe takardar ka faɗa wa kanka labarin da Hausa, kamar kana ba ƙaninka. In ka kasa faɗa, ba ka gane ba tukuna, kuma duk ikweshan da ka rubuta a wannan hali caca ce.

Bayan haka ka rubuta layin raɗin suna, ka cika shi. "Bari x ya zama Musa" kuskure ne da nake gani kullum. Musa mutum ne, ba a tara shi ba a ɗebe shi. Shekarun Musa ne x, ko kuɗin aljihunsa, ko yawan awakinsa. Rubuta "x shi ne shekarun Musa a yanzu", ko "x shi ne kuɗin olonka (mudu) ɗaya na shinkafa, da sidi". Sai ka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, kowace ka rubuta guntun lissafinta a gefe. Ikweshan ɗin shi ne na ƙarshe da zai fito.

Abubuwa biyu ne ban sani ba. Wanne zan kira x?

Wanda ake auna sauran da shi. Wa da ƙane sun raba ribar goro ta sidi 250, wan ya fi ƙanen da sidi 30. Da rabon ƙane aka auna na wa, to rabon ƙane ne x, na wa kuma x + 30. Jimilla: x + (x + 30) = 250. Ƙane ya sami 110, wa ya sami 140. Da ka ɗauki rabon wa a matsayin x, na ƙane zai zama x − 30, amsar ba za ta canza ba, sai dai farawa da ƙarami yakan raba ka da ɗebewa da rabawa. Abin lura shi ne x ɗin da ka samo ba lallai shi aka tambaya ba. Idan rabon wa ake nema ka rubuta 110, ka yi aikin banza a kan gaɓa.

Yaya zan gane inda alamar daidai za ta zauna?

Nemi abu guda da labarin ya faɗa ta hanya biyu. Kuɗin da yarinya ta biya an faɗe shi a matsayin littattafai uku da biro, an kuma faɗe shi a matsayin 25. Waɗannan biyun su ne farantan sikeli. Wani lokaci jimilla ce, wani lokaci abin da ya rage, wani lokaci kuma a ce bayan kaza mutum biyu sun zama daidai.

Ga na ƙarshen. Mai kayan miya tana da sidi 80 a adashi tana zuba 10 kullum, maƙwabciyarta tana da 20 tana zuba 15. Bayan kwana nawa za su yi kai ɗaya? Idan k ne yawan kwanaki, ta farko na da 80 + 10k, ta biyu 20 + 15k. Babu wata jimilla da aka bayar, kalmar "kai ɗaya" ce alamar daidai: 80 + 10k = 20 + 15k, kwana 12 ke nan. A Turanci kalmomi irin su "is", "was", "gives" da "the result is" sukan nuna wurin, amma ka karanta amsar da ke biye kafin ka dogara da su.

An ba mu jerin kalmomi mu haddace: "more" tarawa, "less" ɗebewa, "of" ninkawa. Ya isa?

Bai isa ba, kuma ni ina ganin wannan jerin ya kayar da yara fiye da waɗanda ya tsallakar. Duba wannan: "Amina has 12 oranges, which is 5 more than Hawa has." Mai haddar kalmomi zai ga "more" ya tara, ya ba Hawa lemu 17. Mai karatu zai tambayi kansa, wa ya fi yawa? Amina. To na Hawa da biyar a kai ne ya ba da na Amina: h + 5 = 12, Hawa na da 7. Ka san ma'anar kalmomin, wannan dole ne, amma ma'anar jimla ce ke hukunci.

Babban tarkon shi ne "less than" da "subtracted from". "Five less than x" a Turanci biyar ce ta fara fitowa, yaro sai ya rubuta 5 − x. Daidai shi ne x − 5. A nan Hausa ta fi Turanci taimakon ka, domin mu babbar lamba muke fara faɗa: ashirin ba ɗaya sha tara ne, ɗari gaira biyar casa'in da biyar, ƙarfe uku saura kwata. Duk inda ka ga "five less than x", ka ce a ranka "x ba biyar", ka rubuta yadda ka faɗa. Haka "subtract 7 from y": daga y ake cirewa, y − 7. Tarawa da ninkawa ba su damu da wa ya riga wa ba, amma ɗebewa da rabawa in ka juya su ka sauya labarin.

"Tumaki sun ninka shanu sau shida." Na rubuta 6t = s aka ce na yi kuskure. Ta yaya?

Kar ka ji kunya, wannan ramin manya ma sun faɗa shi. A farkon shekarun 1980 John Clement da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun ba ɗaliban injiniya 'yan shekarar farko irin wannan jimla, cewa ɗalibai sun ninka malamai sau shida, fiye da kashi ɗaya bisa uku suka kuskure, akasarinsu ta hanyar juya ikweshan ɗin kamar yadda ka yi. Dalilin shi ne ido na bin kalmomi a jere, ko kuma mutum ya karanta t a matsayin "tunkiya", ya ce tumaki shida na tafiya da saniya ɗaya.

Amma t yawan tumaki ne, s yawan shanu. Shiga kara gab da Babbar Salla ka ƙirga: shanu 10, tumaki nawa? 60. Gwada naka: 6 sau 60 ya ba da 360, ba 10 ba. Sikeli ya karkace. Ɓangaren da ba shi da yawa shi ake ninkawa don ya kamo mai yawa, saboda haka t = 6s. Wannan gwaji da ƙaramar lamba ba ya cin daƙiƙa goma, kuma yana aiki a kusan kowane irin tambaya da ke wannan shafin.

Yaushe ake sa baka biyu?

Lokacin da ninkawa ko ɗebewa ta shafi ƙunshi gaba ɗaya. Je wurin mai waakye, wato shinkafa da wake. Waakye na sidi x ne, ƙwai sidi 3. Ka ce a zuba maka biyu, kowanne da ƙwai: 2(x + 3). Abokinka ya ce a zuba biyu, a sa ƙwai ɗaya: 2x + 3. Idan waakye 15 ne, kai 36 za ka biya, shi 33. Da Turanci na farko shi ne "twice the sum of a number and 3", na biyu "the sum of twice a number and 3". Kalmomi kusan ɗaya, kuɗi daban. Haka idan za a cire ƙunshi: ka ba da sidi 50 a kan waakye ɗaya da ƙwai, canjinka 50 − (x + 3) ne. In ka bar bakan, ka mayar da kuɗin ƙwai ƙari a canji.

Tambayoyin shekaru su ne suka fi rikita ni. Akwai dabara?

Akwai. Ja ɗan jadawali, layi ɗaya na "yanzu", ɗaya na "nan gaba" ko "can baya", kowane mutum da gurbinsa. Shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, nan da shekara 12 za su ninka sau biyu. Yanzu: ɗa x, uba 3x. Nan da shekara 12: ɗa x + 12, uba 3x + 12. Jimla ta biyu kan layi na biyu take magana, don haka 3x + 12 = 2(x + 12). Ɗa na da 12, uba 36, nan gaba kuma 24 da 48.

Kuskure biyu ne ke yawo a nan. Wani ya ƙara wa ɗa shekaru ya bar uba a tsaye, kamar shekara ba ta zagayo masa ba. Wani kuma ya rubuta 2x + 12 a dama, ya manta da bakan da muka yi magana a kai. Ka riƙe wannan ma: ratar shekarun mutum biyu ba ta canzawa har abada. A misalin nan 24 ce yanzu, 24 ce nan gaba. In taka ta canza, koma ka duba.

Na sayar da atamfa sidi 360 da ribar kashi 20 cikin 100. Na cire kashi 20 na 360 na sami 288 a matsayin uwar kuɗi. Ina laifin?

Laifin shi ne ba a tambayi "kashi 20 na me" ba. Riba a kan uwar kuɗi ake auna ta, kuma uwar kuɗin ce ba a sani ba. Kira ta x. Riba 0.2x ce, kuɗin sayarwa x + 0.2x, don haka 1.2x = 360, x ya zama 300. Gwada: kashi 20 na 300 sittin ne, 300 da 60 sun ba da 360. Gwada naka: kashi 20 na 288 ya kama 57.6, jimilla 345.6, bai kai ba. Rangwame ma haka yake, daga farashin farko ake cire shi: rangwamen kashi 15 na nufin an biya 0.85x. Duk inda "kashi kaza" ya fito, kar ka wuce sai ka rubuta abin da aka ɗauki kason daga gare shi.

Me ya sa kake matsa mana a kan rubuta sidi, pesewa, awa, minti?

Domin faranti biyu na sikeli dole su ɗauki awo iri ɗaya. Pesewa 100 ne sidi ɗaya, saboda haka alewa ta pesewa 50 ba 50 za ka rubuta kusa da kuɗin sidi ba, 0.5 ne. Minti 45 ba awa 0.45 ba ne, uku bisa huɗu na awa ne, 0.75. Mu a nan ma muna da ƙarin dalili. Tun Yulin 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau za ka ji dattijo a Asawase ya ce ya biya miliyan ɗaya, yana nufin sidi 100. Da shi da jikansa duk gaskiya suke faɗa, awonsu ne ya bambanta. Kafin ka rubuta ikweshan, mayar da komai awo ɗaya.

Idan an ce "kashi kaza na abin da ya rage" fa? Kuma da gaske ne rabon gado aljabra ne?

"Abin da ya rage" sabon adadi ne, sai ka fara rubuta shi. Tela ya kashe sulusin abin da ya samu a kuɗin haya, ya kashe rubu'in sauran a cefane, ya rage da sidi 600. Abin da ya samu x ne. Haya x/3, saura 2x/3. Rubu'in wannan sauran shi ne x/6. Don haka x − x/3 − x/6 = 600, rabin x ke nan, x ya zama 1,200. Wanda ya rubuta x/4 a cefane ya ɗauki rubu'in duka, ba na saura ba.

Batun gado kuwa, ƙwarai. Wani babban ɓangare na littafin Al-Khawarizmi a kan wasiyya da gado yake, kuma yaran da suka yi fiƙihu sun san sulusi da sudusi da tumuni tun kafin su gan su a allon boko. Ɗauki mamacin da ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi, bayan an biya bashi da wasiyya dukiyar ta tsaya sidi 48,000. Aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta ba matar tumuni, 6,000, saura 42,000. Aya ta 11 ta ba namiji rabon mata biyu. Rabon mace shi ne x, kamar yadda muka ce a zaɓi wanda ake auna sauran da shi, na namiji 2x. Sai 2(2x) + 3x = 42,000. Kowace mace 6,000, kowane namiji 12,000.

Wannan misalin aji ne mai sauƙi. Rabon gado na gaskiya yana da hukunce-hukuncen da ikweshan ba zai faɗa maka ba, kamar wa ke shiga wa ke katange wa, don haka wurin malaman fanni ake kai shi.

Yaushe zan yi amfani da haruffa biyu?

Idan labarin ya ba ka bayani biyu masu zaman kansu a kan abubuwa biyu. Yaron mota a trotro ya ɗauki fasinja 15, masu sauka kusa sun biya sidi 5, masu zuwa ƙarshen layi 8, ya tara 96. Bari a ya zama yawan na kusa, b yawan na nesa. Bayani na farko kawuna yake ƙirgawa: a + b = 15. Na biyu kuɗi yake ƙirgawa: 5a + 8b = 96. Na kusa 8 ne, na nesa 7. Kuskuren da ake yi shi ne a + b = 96, an ɗora mutane a faranti ɗaya, kuɗi a ɗaya. Kowane ikweshan abu guda yake aunawa daga farko har ƙarshe. Haruffa biyu kuma ikweshan biyu suke bukata, in ka sami ɗaya kawai akwai jimlar da ba ka yi aiki da ita ba.

Lissafin mota da nisa fa?

Zana hanyar, layi ɗaya ya isa. Nisa shi ne gudu sau lokaci. Tsakanin Kumasi da Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, kusan kilomita 250 ne. A ce bas ta tashi daga Kumasi tana kilomita 60 a awa, wata ta taso daga Accra a daidai lokacin tana 65. Sa'ad da suka haɗu, su biyun sun cinye hanyar gaba ɗaya. Idan t ne yawan awannin da suka yi: 60t + 65t = 250, awa 2. In kuwa daga wuri ɗaya suka tashi, wata ke bin wata a baya har ta cim mata, nisan da kowace ta yi ne ya zama daidai, sai ka sa nisan ɗaya a hagu, na ɗayar a dama. Zanen ne zai nuna maka ko tarawa za a yi ko daidaitawa.

"At least" da "at most" ba su da alamar daidai. Yaya ake rubuta su?

"At least" shi ne aƙalla, kaza ko fiye, alamarsa ≥. "At most" da "not more than" na nufin kar a wuce kaza, alamarsu ≤. Kalmar "least" kan ruɗi yara su ɗauka ƙasa ake nufi. Mai koyon ɗinki tana da sidi 150, tana ajiye 40 duk mako, tana bukatar aƙalla 500. Idan m ne yawan makonni: 150 + 40m ≥ 500, m ≥ 8.75. Tunda mako-mako take ajiya, amsar mako 9 ce.

Ta yaya zan tabbatar na yi daidai tun ina ɗakin jarrabawa?

Mayar da amsar cikin labarin, ba cikin ikweshan ɗinka ba. In ikweshan ɗin ne ya karkace tun farko, amsar za ta dace da shi tsaf, kai kuma ka fita da murna. Koma jimlolin asali ka bi su da lambarka a hannu, kamar yadda muka gwada 288 a tambayar atamfa. Sannan ka tambayi hankalinka. Fasinja bakwai da rabi, ko ɗan da ya girmi ubansa, alama ce an yi tuntuɓe a baya.

Wani lokaci lissafi kan ba da amsa biyu, labarin ya karɓi ɗaya. Ɗaki tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 3, girman daɓensa murabba'in mita 40: x(x + 3) = 40. Za ka sami 5 da −8. Babu ɗaki mai faɗin −8, sai ka rubuta ƙarara cewa ka yar da ita saboda haka, faɗi mita 5, tsawo 8.

In na gano amsar da ka, dole ne in rubuta ikweshan?

A tambayoyin zaɓi babu mai ganin hanyarka. A takardar rubutu kuwa dole ne. WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedkwatarta ke Accra, tana raba maki ne gaɓa-gaɓa, akwai na hanya akwai na amsa. Ikweshan da ya fita daidai yana da makinsa ko da hannu ya zame a ƙarshe, amsa tsirara kuma tana iya rasa mafi yawan makin. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar sun sha ambaton kasa mayar da labari lissafi cikin raunin ɗalibai. Tunda jami'o'inmu na neman aƙalla C6 a lissafin dole, maki biyu ko uku na layin raɗin suna da ikweshan ba abin wofintarwa ba ne.

Ban yi boko ba. Akwai abin da zan iya yi wa yarana a gida?

Akwai, Baba, kuma aikin da na fi bukata ne. Idan yaro ya zo da tambaya, ce masa ya faɗa maka labarin da Hausa. Ka tsare shi da tambayoyi irin na ciniki: me aka sani, me ake nema, wa ya fi wa, da nawa? Ba sai ka san x ba kafin ka gane labarin da bai tsaya ba. In ya yi tuntuɓe wajen faɗa, ya koma ya sake karantawa. Manhajojin waya da ke ɗaukar hoton tambaya su fito da amsa, a bar su sai bayan ya rubuta nasa ikweshan, domin gaɓar da ya kamata ya koya ita suke yi masa.

Sannan ku juya abin. Kai ka ba shi labari daga sana'arka, shi ya rubuta. In kana gyaran mota a Suame, ce masa ka sayi fulogi huɗu masu kuɗi ɗaya da man birki na sidi 35, ka ba da 200 aka ba ka canjin 25. Kai ka riga ka san fulogi ɗaya 35 ne. Shi kuma ya kawo maka 4x + 35 + 25 = 200 a rubuce, ya nuna maka da yatsa ina fulogi, ina mai, ina canji, ina kuɗin da ka miƙa. Labari ɗaya bayan sallar isha'i ya wadatar, gobe kuma shi ya ƙirƙiro nasa ya ba ƙanwarsa.